Manhajar da Ba Ta Tashi Sai a Kwamfutar Mai Ita

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu rubuta manhajar kwamfuta, ko ya taɓa ba su kwangila, ko da kuwa ta ɗan shafin da makarantar unguwa ke tattara sakamakon jarrabawar ɗalibanta a ciki ce, da wuya a ce bai ji wata magana da ta zama ruwan dare a bakinsu ba, watau idan aka kunna abin da suka rubuta a wata na'ura ya ƙi tashi, sai mai aikin ya buɗe hannuwa ya ce, "Ai kuwa a tawa kwamfutar tana aiki." Galibi gaskiya yake faɗa, ba na tuhumarsa da ƙarya; sai dai gaskiya ce wadda ba ta amfani mai kuɗin da kome ba, tun da shi ba kwamfutar injiniya ya saya ba. A ganina wannan magana alama ce ta wani aibi da ya auku tun ranar farko, tun ba a rubuta layi ɗaya na aikin ba, sa'ad da aka tsallake kafa taskar aiki da tsara muhallinsa. Kuma alhakin wannan tsallake bai rataya a wuyan samarin da ke rubutun kaɗai ba, har da masu ba su aikin, da malaman da suka karantar da su.

Ya kamata a fara da fahimtar da mai karatu wanda ba wannan ce sana'arsa ba. Kowace manhaja tana da zahiri da baɗini. Zahirinta shi ne abin da kowa ke gani a wayarsa, mai maɓallai da launuka. Baɗininta kuwa matani ne wanda ɗan Adam ya zauna ya rubuta cikin ɗaya daga harsunan da aka ƙaga don umurtar na'ura, irin su Python da Java da JavaScript, kuma daga wannan matani ake fitar da wancan zahirin. Wanda matani ke hannunsa shi ne ya mallaki manhaja a haƙiƙa, domin shi kaɗai ke da ikon gyara ta in ta lalace, ko ƙara mata wani abu in buƙata ta sauya. Matanin nan kuwa ba ya zama a hali ɗaya. Yau a ƙara, gobe a rage, jibi a farga ashe abin da aka rage jiya shi ke tallafe da wani sashe can daban. Wanda bai san wata dabara ba sai ya riƙa kwafar foldar aikin ɗungum yana sake mata suna, wannan "ta ƙarshe", waccan "ta ƙarshe 2", ga kuma "ta ƙarshe ta gaskiya", ya aika wa abokin aikinsa ta WhatsApp, shi ma ya taɓa tasa ya dawo da ita, har a wayi gari babu ɗayansu da zai iya rantsuwa ya ce ga wadda ke gudana a kan uwar garke, watau babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta don masu amfani da ita.

Wannan cuta tsohuwa ce, maganinta ma ba na jiya ba ne. Tun a 1972 wani injiniya mai suna Marc Rochkind ya ƙaga SCCS a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka don adana tarihin gyare-gyaren matani, bayansa aka yi RCS, aka yi CVS, aka yi Subversion, kowanne yana toshe kafar da na gabansa ya bari. Amma wanda ya game duniya a yau shi ne Git, kuma husuma ce ta haife shi. Linus Torvalds, mutumin Finlan wanda ya fara rubuta ƙwaryar manhajar Linux a 1991, ya kasance tun daga 2002 shi da jama'arsa suna amfani da wata manhajar kamfani ta adana tarihin matani mai suna BitKeeper, wadda mai ita, Larry McVoy, ya yardar musu amfani da ita kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Da wani ɗan Ostareliya, Andrew Tridgell, ya shiga binciken yadda take magana da uwar garkenta, sai kamfanin ya ga an keta sharaɗi, ya janye kyautar a 2005. Torvalds ya duba bai ga wata da za ta ɗauki nauyin dubban masu aiko da gyara daga sassan duniya ba, sai ya zauna a farkon Afrilu na shekarar ya soma rubuta tasa. Cikin 'yan kwanaki Git ya fara adana matanin kansa da kansa, a watan Yuni aka fitar da bugun Linux mai lamba 2.6.12 da shi, a watan Yuli kuma Torvalds ya damƙa kulawarsa ga Junio Hamano, mutumin Japan, ya koma kan aikinsa na asali. Kyauta ne har yau, ba a sayar da shi, ba a kuma neman izinin kowa kafin a ɗora shi a kan na'ura.

Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan hikimar take. Mai aiki ya buɗe folda sabuwa, ya ba da umurni guda, git init, shi ke nan taska ta kafu, a ɓoye cikin foldar. Daga nan duk sa'ad da ya kammala wani gyara mai ma'ana sai ya ɗaure shi, abin da masu sana'ar ke kira komit, a rubuta hoton aikin gaba ɗaya kamar yadda yake a wannan sa'a, da sunan wanda ya yi gyaran, da rana da lokaci, da ɗan bayanin dalili. Kowane komit ana lissafo masa wata lamba mai haruffa da alƙaluma 40 daga abin da ya ƙunsa, kuma cikin abin da ya ƙunsa har da lambar komit ɗin da ya gabace shi. Saboda haka in wani ya koma baya a asirce ya sauya harafi ɗaya a gyaran bara, lambarsa za ta sauya, ta wanda ke biye da shi ma ta sauya, haka har zuwa na yau, duk wanda ke riƙe da kwafi ya gane an taɓa. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: ba a karɓar matani sai da isnadi, wane daga wane daga wane, in silsila ta yanke ruwaya ta raunana. Kuma kamar yadda isnadi bai wadatar da malamai ga barin binciken halin maruwaita ba, haka Git ba ya tabbatar da cewa sunan da ke kan komit na mai shi ne, domin kowa na iya rubuta sunan da ya so in ba an wajabta sa hannu na sirri ba. Ba ya kuma iya tilasta wa malalaci ya rubuta dalili mai amfani. Taskar da bayananta duka "gyara", "gyara kuma", "an sake gyara" ne tana da silsila, amma ba ta da ilmi, kuma wanda ya gaje ta bayan shekara biyu zai san ranar da aka sauya lissafin haraji, ba zai san abin da ya sa ba, alhali dalilin shi ne abin da yake nema.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa, har a cikin masu sana'ar, shi ne Git da GitHub. Na farko manhaja ce da ke zaune a kan na'urar mutum. Na biyu kamfani ne da aka buɗe a 2008 don ajiye wa mutane kwafin taskokinsu a intanet, wanda Microsoft ta saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma yana da kishiyoyi irin su GitLab da Bitbucket. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mutanenmu. A tsarin Subversion da CVS tarihin aiki yana wuri ɗaya, a uwar garke, in babu hanyar isa gare ta ba a iya ɗaure gyara. A tsarin Git kuwa duk wanda ya kwafo taska ya kwafo ta ne da tarihinta tun daga tushe, yana iya gyarawa, ya ɗaure, ya duba abin da ya gabata, ya buɗe reshe don gwada wani tunani ba tare da ya ɓata gangar aikin ba, duk babu intanet, sai ran da hanya ta samu ya tura abin da ya tara. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, harkoki suka tsaya cik a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, ko ya tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, rufewar ta kuma shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, zai fahimci dalilin da ya sa nake cewa aikin da ba ya tashi a kan na'urar mai shi sai da intanet an gina shi ne bisa zaton wata ƙasa, ba wannan ba. Ban da yankewar waya akwai kuma siyasa. A farkon 2010 dandalin SourceForge, wanda a lokacin yana cikin manyan ma'ajiyoyin manhajojin kyauta, ya toshe masu shigowa daga Sudan da Iran da Siriya da Kiyuba da Koriya ta Arewa saboda takunkumin Amurka, a 2019 kuma GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya bisa wannan dalili. Ɗalibin Hartum bai yi wa kowa laifi ba, amma ƙofa ta rufe a fuskarsa. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya riga ya kwafo.

Kada kuma a ɗauka kwafin da ke gida shi kaɗai ya isa, ko na waje shi kaɗai ya isa. A 1998 wani ma'aikacin kamfanin Pixar ya ba da umurnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin Toy Story 2 ya ɓace daga uwar garke ana kallo. Da aka koma ga ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya sani. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne kwafin da ke kwamfutar Galyn Susman, wata shugabar sashen fasaha wadda take aiki daga gida saboda tana jego. A ranar 31 ga Janairu 2017 kuma injiniyan GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan ajiye wa mutane aiki, ya goge kimanin gigabait 300 na rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, hanyoyin ajiyarsu biyar aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin haɗarin aka samu aka maido da shi. Abin lura a nan, bayanan tattaunawa da buƙatun haɗe gyara na waɗannan sa'o'i shida sun tafi, amma taskokin Git na jama'a ba su taɓu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In masu dukiya da ɗaruruwan injiniyoyi sun faɗa wannan rami, mai laftof ɗaya da ke yawo da ita a jaka cikin A-daidaita-sahu ba shi da hujjar aminta da sa'arsa.

To, taska rabin al'amarin ce. Ɗaya rabin, wanda shi ne ainihin tushen waccan magana ta "a tawa tana aiki", shi ne muhalli. Babu mai rubuta manhaja daga tushe a zamanin nan. Kowa yana jingina da kayan aro, watau gutsattsarin manhajojin da wasu suka rubuta suka bayar kyauta, wannan don lissafin kwanan wata, wancan don magana da rumbun bayanai, kowane ɗayansu kuma yana aro a wurin wasu, har ƙaramin aiki ya wayi gari yana tsaye a kan ɗaruruwan abubuwan da mai shi bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Kowanne yana da bugu-bugu, kuma bugun bana ba lalle ya yi daidai da na bara ba. Harshen Python kansa da aka fitar da bugunsa na 3 a 2008 ya saɓa wa na 2 har ta kai matanin wannan ba ya gudana a kan wancan sai da gyara, aka yi shekaru ana jan ƙafa kafin a daina kula da na 2 a ranar 1 ga Janairu 2020. Kwamfutar mai aiki kuwa ta tara waɗannan kayan aro a hankali, wani ya ɗora shi bara don wani aiki daban ya manta, wani ya gyara masa wani saiti da tsakar dare bai rubuta ba. Manhajar tana tashi a wurinsa ne bisa taimakon abubuwan da shi kansa bai san tana dogara da su ba. A Maris na 2016 wani marubucin manhaja mai suna Azer Koçulu ya yi saɓani da masu kula da ma'ajiyar npm a kan sunan wata manhajarsa, ya fusata ya janye abubuwansa fiye da 250, cikinsu har da wani ɗan gutsure mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa bai wuce cike gurbi a gefen hagu na rubutu ba. Nan take dubban ayyuka a duniya suka ƙi haɗuwa, har da waɗanda manyan kamfanoni ke dogaro da su, sai da masu ma'ajiyar suka maido da shi da kansu cikin 'yan sa'o'i.

Maganin wannan ba wani sihiri ba ne, rubutu ne. A keɓe wa kowane aiki muhallinsa, kada kayan aronsa su cakuɗu da na wani. A rubuta sunan kowane abin aro da lambar bugunsa daidai a cikin fayil guda, a ɗaure fayil ɗin cikin taska tare da matani. Sa'an nan a rubuta takardar da al'adar sana'ar ta sa wa suna README, a bayyana a cikinta, mataki bayan mataki, abin da baƙo zai yi daga sabuwar na'ura har manhajar ta tashi a gabansa. Akwai masu cewa a naɗe muhallin ɗungurungum cikin akwatin manhajar Docker, wanda ya fito a 2013, kuma don babban aiki mai sassa da yawa suna da gaskiya. Amma ni ban ga wajabcinsa ga kowane ƙaramin aiki ba, musamman ga wanda ke sayen data da gumin goshinsa, alhali sauke akwati ɗaya na iya cinye ɗaruruwan megabait, tsohuwar laftof kuma ta riƙa nishi. Farilla ita ce a iya maimaita kafa aikin daga abin da aka rubuta. Kayan da aka yi amfani da su don cimma haka mustahabbi ne, kowa da gwargwadon halinsa. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka, wanda a ranar 1 ga Agusta 2012 ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kamar minti 45, domin ma'aikacin da ya ɗora sabon matani da hannu ya ɗora shi a kan uwayen garke bakwai ya tsallake ta takwas, kuma babu rubutacciyar ƙa'idar da ta wajabta wa wani na biyu ya duba bayansa.

Akwai kuma abin da bai halatta ya shiga taska ba ko kaɗan, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin ɓarna, domin sun ji an ce a ɗaure kome. Kalmomin sirri, da mabuɗan shiga uwar garke, da na kamfanin karɓar kuɗi, wurinsu wani fayil ne daban wanda ake rubuta sunansa a cikin .gitignore tun ranar farko don Git ya kau da kai daga gare shi. Kyawun taska shi ne ba ta mantuwa, sharrinta ma shi ke nan: wanda ya ɗaure mabuɗi jiya ya goge shi yau bai goge kome ba, yana nan cikin tarihi ga duk mai kwafi, kuma babu magani sai a soke mabuɗin a yanko sabo. A 2016 ɓarayin intanet sun shiga wata keɓaɓɓiyar taskar injiniyoyin kamfanin Uber a GitHub, suka tarar da mabuɗin ma'ajiyar kamfanin a rubuce cikin matani, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya ba su dala 100,000 don su yi shiru, ya ɓoye maganar kimanin shekara guda, daga bisani a 2018 ya biya dala miliyan 148 don sasantawa da jihohin Amurka. Haka nan bayanan mutane na gaskiya, sunayen majinyata ko makin ɗalibai ko lambobin asusu, ba su da wurin zama a laftof ɗin mai gwaji, wadda ake iya sacewa, ake kuma barin ta kwana a shagon mai gyara. A ƙagi bayanan wasa a yi gwaji da su. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, amma ko ba doka, sirrin majinyaci amana ne.

Na san abin da za a ce, kuma ba duka ne uzurin banza ba. Za a ce lokaci ya ƙure, mai kuɗi yana son ganin abu a allo ran Juma'a, ba ya biyan kuɗin takardar da ba zai karanta ba. Amsar wannan gajeriya ce, domin duk abin da na lissafa bai fi aikin hantsi ɗaya ba in an yi shi a farko, sai in an bar shi ne yake zama aikin wata guda. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce wadda ba a cika faɗinta a fili ba: da yawa daga samarin nan da gangan suke riƙe matani a hannunsu, domin sun sha ganin an karɓi aiki an hana su cikon kuɗinsu, ko an ɗauki guminsu an miƙa wa ɗan'uwan manaja ya ƙarasa da rahusa, matanin shi ne jinginarsu, ba su da lauya, ba su da mai tsaya musu. Ba zan zarge su da wannan tsoro ba, yana da asali. Sai dai riƙe jingina daban, rashin taska daban. Mutum na iya kafa taskarsa tsaf, da tarihinta da takardarta, ya riƙe mabuɗinta har ran da aka cika masa haƙƙinsa, sa'an nan ya miƙa ta cikakkiya. Wannan ciniki ne na adalci. Abin da ba shi da kyau shi ne a biya shi duka, amma aikin ya ci gaba da zama a ƙwaƙwalwarsa da na'urarsa kaɗai, ta yadda in ya sami aiki a Legas, ko ya tafi karatu waje, ko ta Allah ta kasance, asibitin da ya dogara da manhajar ya koma biyan wani ya sake ginawa daga tushe. Musulmi ba ya buƙatar a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Yarjejeniyar shafi ɗaya da ta fayyace wane ne mai matani, da ranar miƙa shi, da abin da za a biya kafin miƙawa, ta kare ɓangarorin biyu fiye da kowace rantsuwa ta fatar baki.

Ga malamai kuwa, a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da cibiyoyin horaswa da suka yawaita tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da niyyar horas da mutum miliyan uku, shawarata ita ce a mai da kafa taska darasin makon farko, kafin ɗalibi ya san wani abin kirki da zai rubuta, domin ɗabi'a ce ake shukawa, kuma ta fi kamawa tun hannu bai saba da akasinta ba. Al'adar da ɗalibin shekarar ƙarshe ke buga matanin aikinsa a takarda, ya liƙa a bayan kundi, a jera a kanta ƙura ta rufe, ba ta amfani kowa, tun da babu mai sake buga shafi hamsin da hannu don ya gwada. Da taska aka karɓa a maimakon haka, da malami ya ga yadda aikin ya girma mako bayan mako, ya bambance wanda ya yi wata huɗu yana faɗi-tashi da wanda aikinsa ya sauko dare ɗaya cikin komit guda, a gama, kamar an saye shi a kasuwa. Ɗaliban baɗi kuma su ɗora daga inda na bana suka tsaya.

Shugaban makaranta, ko mai asibiti, ko sakataren ƙungiya, wanda bai san harafi ɗaya na waɗannan harsuna ba, yana iya kare kansa ba tare da ya koye su ba. Ya sa a buɗe asusun ajiyar taskar da sunan ma'aikatarsa da adireshin imel ɗinta, kada a buɗe shi da na ɗan kwangila. Sa'an nan kafin ya biya kason ƙarshe ya nemo wani mai sana'ar daban, ya ba shi na'urar da ba a taɓa ɗora aikin a kanta ba, da adireshin taska, a ce ya bi README ya tayar da manhajar, mai aikin yana zaune a gefe ba ya taɓa na'ura, ba ya kuma buɗe baki. Duk inda baƙon ya tuƙe, an gano wani abu da ke cikin kan mai aikin wanda bai shiga rubutu ba. A rubuta shi nan take, a ɗaure, a goge na'urar a sake daga farko, har ta tashi ba da taimakon kowa ba. A ranar ce za a biya cikon kuɗi, a ranar ce kuma za a sauya dukan kalmomin sirri da mabuɗan da ɗan kwangila ya taɓa riƙewa, a rubuta sababbin a ba mutum biyu amintattu daga cikin ma'aikatar su ajiye.